Mun je Yankari neman giwa daga Jos

Ƙanina ne ya matsa min, wai shi tunda aka haife shi giwa ɗaya ya taɓa gani, ita ma a killace a Wildlife Park na hanyar Miango, wanda aka kafa tun 1972 zamanin Gwamna Gomwalk. Ya ce yana so ya ga wadda take yawonta a daji. To shikenan, ranar Asabar bayan sallar asuba muka nufi tashar Bauchi Road, sanyin Jos kamar zai tsaga ƙashi, muka shiga Sharon. Tilden Fulani, Magama Gumau, Nabordo, kafin mu kai Bauchi duk mun cire rigunan sanyi.

A Bauchi shatar mota muka ɗauka. Mun wuce gadar Dindima mun karya kwana zuwa Yankari kenan sai ga wani dattijo a bakin titi da buhu yana ɗaga hannu, direba ya ce mu rage masa hanya. Bayan mun gaisa ya ce "samari ina zuwa haka?" Na ce Baba giwa za mu je gani. Wallahi dariya ya yi sosai, ya ce "kuɗi za ku biya? Ku zo gonata da kaka, kyauta za ku ganta."

Nan fa hira ta ɓarke. Ya ce garke ɗaya in ya faɗo gonar dawa ko masara cikin dare, kafin gari ya waye wahalar damina ta tafi, su sai dai su kwana suna buga gwangwani suna hura wuta suna haska tocila, kuma ba dama ka taɓa ta don doka ta hana, ka harbi giwa sai ka ga kanka a gaban alƙali. Na ce Baba ai dokar tana da amfani, da babu ita da masu neman haure sun ƙarar da su tuntuni. Ya ce "gaskiyarka ɗana, ni ma bana so su ƙare. Amma ita giwar ba ta san inda iyakar gwamnati ta tsaya ba." Na yi shiru. Ya sauka kafin Mainamaji, ƙauyen da ke bakin get ɗin Yankari, ya nuna mana hanyar ƙauyensu.

Abun da mutane da yawa ba su sani ba, dajin nan ya sha sauya hannu. A 1956 aka keɓe shi zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, a 1991 gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 lokacin Obasanjo aka mayar wa jihar Bauchi da abunta. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, ka ga ba wurin da za a zagaye da katanga bane. Abun dariya kuma a 2020 Buhari ya amince a ƙara sabbin gandun daji na ƙasa guda 10, ciki har da Pandam namu na Filato da Falgore na Kano. Wato wata jiha ta karɓe nata daga tarayya, wasu kuma suna miƙa nasu. Ni dai a ganina ko sunan wa aka rubuta a allon bakin get, maganar ita ce wa zai biya ma'aikata a kan lokaci, wa kuma zai saurari irin su Baba.

Daga get zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi na cikin dajin, ma tafiya ce mai tsawo. Muna sauka gwaggon biri ya fizge ledar burodi a hannun ƙanina, ya koma gefe yana ci yana kallon mu, ba ko kunya.

Da yamma muka hau motar shiga daji da ma'aikaci ɗaya riƙe da bindiga. Da rani ake zuwa, don dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji saboda ruwa. Mun ga ɓauna, mun ga gwanki, mugun dawa kuwa kamar awaki. Na matsa kusa da ma'aikacin na ce yallaɓai ya aikin? Ya ce sintiri suke a ƙafa kwana da kwanaki a daji, ga mafarauta masu bindiga, ga shanu da ake korowa ciki da rani saboda nan ne ciyawa ta rage, kuma wani lokacin wanda za ka kama ɗan ƙauyenku ne, kun haɗa sahu a masallaci. Ya ce ƙungiyar kare namun daji ta Amurka mai suna WCS na taimaka musu da horo da kayan aiki, har an saka wa wasu giwaye kwala mai nuna inda suke. Na tuna Baba, na ga kowa da gaskiyarsa, ma'aikacin yana gadin giwa da ransa, Baba yana gadin abincin iyalinsa.

Giwa kam ba mu gani ba. Kashinta muka gani da sawu, da bishiyoyin da ta karya. Muka huce haushi a ruwan Wikki da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ɗumi kamar an dafa maka, digiri 31 dare da rana, garau har kana ganin yashin ƙasa. Ɗan Jos da ya saba da ruwan ƙanƙara ai sai da aka yi da gaske kafin ya fito.

Washegari da la'asar muka shigo Jos. Muna hawa keke a Bauchi Road ƙanina ya ce Yaya ka riƙe hanyar ƙauyen Baba ko? Da kaka can za mu.