Maganar da nake yi wa fasinja kafin jirgi ya fara girgiza

Tuƙin jirgi ne sana'ata, yawanci tsakanin Kano da Abuja da Legas, sai lokacin hajji a sa mu jigilar maniyyata, kuma gaskiya cikin duk abin da aka koya mana a makaranta babu wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi kamar magana da fasinja. Jeri aka ba mu, ka fara riƙe jirgin, sannan ka san inda ka dosa, sannan ka yi magana, ita maganar ma da masu hasumiyar da ke ba jirage umarni ake farawa, sai ma'aikatan cikin jirgi, fasinja ne na ƙarshe. Tsarin daidai ne ba na ja da shi ko kaɗan, amma fa wanda ke zaune can baya bai san da shi ba, shi dai ya ji jirgi ya yi ƙasa ya yi sama kuma kaftin ya yi gum, toh me kake so ya kawo a ransa?

Kuma tsoron mutanenmu ba na banza ba ne. Dattawan Kano ba su manta da jirgin alhazan da ya faɗi a filin jirginsu a watan Janairu 1973 ba, mutum 176 suka rasu. Na Jidda a 1991 da ya taso zai zo Sakkwato, mutum 261, ko ɗaya bai fita ba. Ga na Gwammaja a 2002, ga na Abuja a 2006 da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki. Wanda ya taso yana jin waɗannan a zauren gidansu ba za ka kwantar masa da hankali da cewa ai jirgi ya fi mota aminci ba, ko da kuwa gaskiya ne.

Abin da na ga yana aiki shi ne ka riga abin zuwa. Tun muna ƙasa nake ɗaukar makirfo, in gama Turancin da aka saba, sannan in juya Hausa in ce jama'a bayan mun tashi kaɗan za ku ji dum a ƙarƙashinku, tayoyi ne suka shige ma'ajiyarsu, can kuma za ku ji kukan inji ya ragu kamar zai mutu, ba mutuwa zai yi ba mu ne muka rage masa wuta don ƙarfin da ake buƙata wajen tashi ya fi na hawa. Idan damina ce nakan ƙara da cewa farin abin da ke fitowa ta saman kai ba hayaƙi ba ne, sanyin esi ne ya haɗu da laimar iska. Wallahi wannan 'yar maganar ma'aikatanmu sun ce ita ke rage musu rabin wahala, don idan dum ɗin ya zo sai ka ga wani Alhaji ya juya ya ce wa na kusa da shi ai kaftin ya faɗa.

Girgiza kuma nakan ce musu gargada ce irin ta hanyar da ba kwalta, sai dai in ba su lokaci, in ce nan da minti biyar za mu shiga kuma muna sa ran kamar minti goma za mu fita, don mutum yana iya jure abin da ya san ƙarshensa. Hadari muna ganinsa a na'urar rada mu kauce masa, amma akwai girgizar da ke zuwa sama tana garau, rada ba ta nuna ta, sai dai jirgin da ke gabanmu ya ba da labari. Shi ya sa nake nacin bel ko fitilar ɗaura bel a kashe take. Jirgin Landan zuwa Singafo da ya gamu da girgiza mai ƙarfi a watan Mayu 2024 ai jirgin ya sauka a Bankok, amma mutum ɗaya ya rasu, wasu da yawa kuma sun ji rauni don wanda bai ɗaure ba sama ake cilla shi.

Inda abin ya fi wuya shi ne fasa sauka. Wata safiya da hunturu muna gangarowa Kano hazo ya rufe ko'ina, muka kai tsayin da doka ta ce in ba ka ga titi ba ka tashi, ba mu gani ba, na tura wuta muka koma sama. A daidai nan hannu da ido da baki duk a cike suke, a ɗaga taya, a gyara fiffike, a amsa wa hasumiya, a duba mai, kuma ƙasa da ƙafa 10,000 ma ba ma maganar da ba ta aikin ba. Shugabar ma'aikata ta ce min daga baya salati ne kawai ke tashi ko'ina, wata Hajiya ta riƙe mata hannu ta ƙi saki. Da na samu sarari na ce musu hazo ne ya hana mu ganin titi, jirgi lafiyarsa ƙalau, muna da man sake gwadawa da na zuwa Abuja da na ajiya na minti 30 da doka ta wajabta, idan karo na biyu bai yiwu ba Abuja za mu. Ba na cewa babu komai alhali kowa ya ji akwai, wanda ya kama ka da wannan sau ɗaya ba zai ƙara yarda da muryarka ba har ku sauka. Tun daga nan kuma na ƙara jimla ɗaya a jawabin farko, in kun ji na yi shiru aiki nake, da na samu hali zan yi magana.

Tunda ƙofar ɗakin tuƙinmu a kulle take a sama tun bayan harin Amurka na 2001, mai tsananin tsoro a ƙasa nake ganinsa kafin a rufe jirgi. Wani dattijo maniyyaci ya taɓa kallona ya ce ɗan nan, in injin ya mutu a sama fa? Na durƙusa na ce Baba, biyu ne, kuma an ƙera shi ya tashi ya sauka da ɗaya, duk wata shida ake sa mu a na'urar gwaji a kashe mana inji a ga yadda za mu yi, wanda bai ci ba ba ya komawa aiki sai ya sake horo. Ya ce toh Allah ya kai mu lafiya, na ce amin Baba, ku yi mana addu'ar tafiya, kuma don Allah ku sha ruwa, akwai banɗaki a ciki yaran nan za su nuna muku yadda ake buɗe shi, don na lura da yawa daga tsofaffinmu ƙin shan ruwa suke tun daga sansanin alhazai saboda tsoron tashi daga kujera.