"Ba Ya Cizo": Kalmar Da Ta Kusa Raba Ni Da Karena

Har yau in na ji wani ya ce "ba ya cizo" sai gabana ya faɗi. Abin da Baba maƙwabcinmu ya ce mini ke nan da yammacin ranar, yana tsaye bakin ƙofarsa, karensa kuma ya fito ba igiya ya nufo mu gadan-gadan. Ni kuwa na yarda. Ba wai ban ga alama ba, na gani sarai. Jelar a miƙe take ƙyam, kanta kaɗai ke ɗan kaɗawa, bakin a rufe, idon kuma ƙur a kan Guntu, ɗan ƙaramin karena, ko ƙiftawa ba ya yi. Amma Baba dattijo ne, ya haife ni, kullum muna gaisawa cikin mutunci, sai na ji nauyin in ce ya kira karensa, kamar zan ƙaryata shi a ƙofar gidansa. Na yi murmushi na ce, "To, Baba." Wannan kunya ta ɗan lokaci ita ta jawo mana wahalar wata 3.

Guntu kilo 5 ne. Karen Baba ya haura kilo 30. A ranar kuma da igiyar nan mai shiga da fita cikin gidanta na fito, wadda take miƙewa har mita 5, Guntu yana can gaba yana shinshine-shinshinensa. Ko da na so jawo shi, sai na riƙa danna maɓalli ina naɗewa kaɗan-kaɗan, kafin in kai gare shi babban ya riga ni. Ya zo ya ɗora haɓarsa a kan kafaɗar Guntu. Guntu ya sandare, ya lashi leɓe, ya kau da kai. Baba yana cewa, "Ka gani ko? Gaisawa suke." Guntu ya yi ɗan gurnani sau ɗaya. Kafin in ƙifta ido an cafke shi a bayan wuya an ɗaga sama ana girgizawa kamar tsumma.

Ba na son tuna kukan da ya yi. Na afka na cusa hannu tsakaninsu, haƙori ya yanke ni a gindin babban yatsa, ban ma ji ba sai daga baya. Yaron gidan ne ya fito da bokitin ruwa ya sheƙa wa karen a fuska, sannan ya saki.

Na ɗauki Guntu na koma gida na duba shi a ƙarƙashin fitila. Ƙananan huji biyu na gani, kowanne bai fi tsinin biro ba, jini ma kaɗan ne. Yana tafiya da ƙafafunsa, ya sha ruwa. Baba ya aiko a tambayi jikinsa, na ce da sauƙi. Na wanke wurin, na ce Allah ya kiyaye, na kwanta. A nan na ƙara kuskure a kan kuskure, kuma tushensu ɗaya ne: ina son abin ya zama ƙarami don kada ya zama magana tsakanina da maƙwabci.

Kwana biyu bayan haka wuyan ya kumbura suntum, da zafi rau, ga wari. Ya ƙi abinci, in na miƙa hannu sai ya yi ƙara. Likitan dabbobi ya aske gashin wurin, sai ga huji huɗu ba biyu ba. Ya sa wani siririn ƙarfe cikin ɗaya, na ga ya shige ya yi ta tafiya ƙarƙashin fata har kusan faɗin tafin hannuna. Ya ce mini fatar kare sako-sako take a kan jikinsa, fiƙa takan huda ta da ɗan ƙaramin rami, amma girgizawar nan ita ke yayyage nama daga ciki ta raba shi da fata, ga ƙwayoyin cuta na baki an tura su can ƙasa inda iska ba ta kaiwa. Abin da ido ke gani a waje somin-taɓi ne. Ya ce da a ƙirji ko ciki aka kama shi haka, ƙaramin kare irinsa zai iya samun hujin huhu ko fashewar hanji alhali fatar kamar ba abin da ya same ta. Aka sa masa maganin barci, aka wanke, aka yanke naman da ya mutu, aka bar ɗan bututun roba yana zubar da mugunya na wasu kwanaki, ga maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga ƙarin allurar rigakafin haukan kare duk da cewa tasa ba ta ƙare ba. Da na kai shi a daren farko, da aikin bai kai rabin haka ba. Likitan bai ɓoye mini ba.

Yana cikin rubuta magani ya hango hannuna. "Malam, kai fa? Ka je asibiti?" Na ce ƙwarzane ne kawai, na wanke. Ya ce minti nawa na yi ina wankewa? Ko minti ɗaya ban yi ba. Ya ajiye biro ya ce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, nan take, sannan a tafi asibiti a ranar. Ciwon haukan kare yakan yi wata 2 zuwa 3 a jiki shiru, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, kuma in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi. Hukumar ta ƙiyasta yana kashe mutum kimanin 59,000 duk shekara, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu. Ya tambaye ni ko karen da ya yi cizon yana da katin rigakafi. Ban sani ba, domin ban tambaya ba. Kunyar ce dai har yanzu.

Daga can asibiti na wuce. Aka yi mini allurar tetanus, aka fara mini ta haukan kare, aka ba ni ranakun da zan riƙa komawa. Aka ce a sa ido kan karen Baba kwana 10. In yana nan lafiya lau bayan haka, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya cije ni. Kwana goman nan kullum da safe sai na leƙa ta katanga in ga ko yana ci yana sha. Lafiyarsa ƙalau, alhamdulillahi, amma barcin da ban yi ba a darerun nan ba mai mayar mini da shi.

Zuwa gidan Baba ya fi mini allurar wuya. Na je bayan zuciyata ta huce, na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa hoton wuyan Guntu da takardar likita. Na ce, "Baba, ba ƙara na kawo ba. Na san ba ka yi nufin haka ba. Katin rigakafinsa nake son gani, kuma ina roƙon a riƙa rufe ƙofa ko a ɗaure shi in za a buɗe." Ya yi shiru yana kallon hoton. Ya ce, "Ɗana, wallahi bai taɓa cizon kowa ba." Na yarda da shi, kuma a nan matsalar take. Mai kare ya san halin karensa a cikin gida, da mutanen gida. Bai san abin da zai yi ba in ya ga wani ɗan ƙaramin abu mai gashi yana wucewa ta wurin da yake ɗauka nasa ne. Baba ba ƙarya ya yi mini ba, abin da bai sani ba ya faɗa, ni kuma da nake kallon karen ido da ido na bar abin da na gani na bi maganarsa. Katin bai samu ba. Abin da ya motsa shi shi ne da na ce likita ya gaya mini kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi da hauka ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, ga jikokinsa suna birgima da karen kullum. A makon aka kai shi aka yi masa allura, aka gyara sakatar ƙofa.

Wuyan Guntu ya warke cikin 'yan makonni, amma tsoron bai fita ba. Kare ne da a dā yake kaɗa jela ga kowa, sai ya koma in ya hango kare ko daga nesa ne ya hau haushi yana fizgar igiya jikinsa na ɓari. Haushin nan kuwa shi ke ƙara jawo manyan su taho. Sai da na yi wata da watanni ina tsayawa da shi nesa, inda zai ga kare amma bai firgita ba, ina ba shi ƙwayar abinci duk lokacin da ya kalli karen ya waiwayo ni, ina rage tazarar taku-taku. Har yanzu bai koma daidai ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Igiyar mai shiga da fita na jefar da ita. Yanzu gajera nake riƙewa, wadda ba ta kai mita 2 ba, a maƙale da rigar ƙirji ba a wuya ba. Waya tana aljihu, idona yana can ƙarshen layi. Na san kowace ƙofa da ake bari a buɗe da lokacin da ake barinta. In na hango kare a sake tun daga nesa, ba na jiran in gane halinsa, juyawa nake cikin natsuwa in canja hanya, ko in sa mota da ke ajiye tsakaninmu don kada su haɗa ido. Gudu kuwa ban yi, domin abin da ke gudu shi kare ke bi, kuma ba zan tsere masa ba.

In ya riga ya taho, sai in tura Guntu bayan ƙafafuna, in yi taku ɗaya gaba, in miƙa tafin hannu, in daka tsawa da murya mai kauri: "Kai! Koma!" Abin mamaki, yawancinsu sukan ja birki. Da yawa ba faɗa ya kawo su ba, rashin tarbiyya ne da ɗoki, in suka ga mutum ya tare hanya sai su yi turus. Wanda bai tsaya ba, ina da ƙwayoyin abincin kare cike da aljihu, sai in watsa masa tafi guda a fuska. Yana sunkuyawa yana tsinta, mu muna ja da baya a hankali. Sau uku wannan ya fitar da ni. Ina kuma tafe da lema mai buɗewa da maɓalli. Buɗewarta farat ɗaya tana firgita kare, kuma ta zama katanga. Sai dai sai da na saba wa Guntu da ita a gida tukuna, don ranar farko shi ma ya tsorata.

Maganar ɗaukar ƙaramin kare sama ita ce wadda na fi juyawa a raina, domin kowa ya ji labarin sai ya ce me ya sa ban ɗauke shi ba. Ɗauka tana da amfani in an yi ta da wuri, tun babban yana nesa, a rungume shi a ƙirji a juya wa mai tahowa gefe, a tsaya cak. In ya riga ya iso, sunkuyawa kai fuskarka ce kusa da bakinsa, kuma abin da aka fizge sama yana wutsil-wutsil shi ke sa kare tsalle ya cafka, ya haɗa da hannunka. In akwai mota ko katanga kusa, gara a ɗora shi a kai. In kuwa an riga an kama shi, kada a ja, ja ke ƙara yaga nama, kada kuma a sa hannu kusa da baki yadda na yi. Ruwa, ƙara mai ƙarfi, ko wani abu mai faɗi da za a cusa tsakaninsu. Bayan haka likita, a ranar, ko da ba a ga jini ba.

Akwai wani maƙwabcin da na yi wa magana sau biyu da lalama kan sakin karensa, ya ce hanya ba ta ubana ba ce. Shi ban sake jayayya da shi ba. Ina rubuta rana da lokaci, ina ɗaukar hoton karen a sake a titi, na tambayi abin da dokar wurinmu ta ce game da sakin kare, na haɗa kai da wasu maƙwabta biyu masu ƙananan yara muka kai maganar inda ya dace. Ban ji daɗin yin haka ba, amma na riga na ga abin da shiru ya jawo.

Makon jiya mun zo wucewa, ƙofar Baba a buɗe, ana shigar da kaya. Karen yana tsaye a bakin ƙofa, jela a miƙe. Guntu ya lafe a bayan ƙafata, ina jin rawar jikinsa ta cikin wandona. Baba ya ɗago hannu daga kujerarsa ya ce, "Wuce abinka, ɗana, ai yanzu ya daina."

Na tsaya inda nake, yatsana a kan maɓallin lema. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, a kama shi tukuna."

Ya kira yaron, aka riƙe shi aka shigar ciki, aka ja sakata. Sai da na ji ƙarar sakatar sannan muka wuce.