Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Awa 11 a Rana Ɗaya

Makon jiya na tsaya a ranar da sakamakon aji biyu ya fito, na tarar na faɗi kwas biyu. Ban gaya wa kowa ba. Bargo na ja na rufe kaina, na buɗe TikTok.

Wallahi ba daɗi nake ji ba, kuma wannan ne mutane ba sa ganewa. Babban yatsana ne kawai ke tura allo sama, bidiyo na bin bidiyo, da safe ko ɗaya ba na iya tunawa. Da zarar na ajiye wayar sai ƙirjina ya yi nauyi, kwas biyun nan su dawo su tsaya mini a rai, sai in sake miƙa hannu. Sai daga baya na san cewa shafin nan da ba ya ƙarewa ƙera shi aka yi. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shi a 2006, da bakinsa ya nuna nadama.

Barci ya ƙaurace mini, domin hasken allo da dare yana danne melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki lokacin kwanciya ya yi. Laccar ƙarfe 8 ta zama sai labari. Abin da har yau ke sa ni hawaye shi ne kiran Mama: waya na hannuna, sunanta na haskawa, ina kallo har ya katse.

Wani dare wajen ƙarfe 3, abokiyar ɗakina ta yaye bargon.

"Ke, 'yar'uwa, kawo wayar nan."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta shiga Digital Wellbeing, wurin da waya ke nuna lokacin da mutum ya ɓata a kanta, ta juyo mini da allon: awa 11 da minti 40, a rana ɗaya. Na ce ƙarya ne. Ta yi shiru, ta zauna a bakin gadona har gari ya waye.

Ita ta raka ni wurin mai ba ɗalibai shawara. Matar ta miƙo mini takarda mai tambayoyi 20, gwajin auna jarabar intanet da masaniyar halayyar ɗan Adam Kimberly Young ta fitar a 1998. Ina ta cikewa da sauri har na iso wata tambaya: shin ina fakewa da intanet don in kori tunanin da ke damuna?

Nan biro ya tsaya a hannuna. Matar ta matso da kujerarta ta ce, "'Yata, me kike gudu?"

Amsar da na ba ta, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.