Duk Baƙar Roba Ce, In Ji Shi

Ɗan ƙanena da ke Agege ya samu wata Hiace ta hannu, ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa, ya sa ƙaramin firji da sifikoki masu girgiza unguwa. Wai motar shaƙatawa ce: Badagry ran Lahadi, Kano da Sallah. Da na tambaye shi taya sai ya ce, "Baffa, ai duk baƙar roba ce, masu sauƙi zan ɗauko." Haka nake faɗa ni ma a da.

Lokacin ina da irin motar, ina kai iyali gida hutu. Ɗinki da tsaraba sun cinye kuɗin, sai na sayi tokumbo huɗu, babban suna a jikinsu, zane raɗau, an goge su suna sheƙi. A raina na yi wayo. Kuma a yi mini adalci: tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Ikeja a 2008, sabuwa mai suna sai an shigo da ita, kuɗinta na bin dala. Mai 'ya'ya da kuɗin haya a Legas ya zai yi? Sai dai mai facin layinmu ya gargaɗe ni. Ya tsuguna, ya murza gefen tayar da babban yatsa, ya nuna mini ƙananan tsage kamar faso a dunduniya, ya ce, "Alhaji, wannan ta tsufa." Na ce ciniki yake nema.

Bayan Jebba, kafin Mokwa, rana tsaka, kaya har kan rufi, ta baya ta yi bindiga. Motar ta dinga wutsil-wutsil. Ban danne birki ba, ba don sani ba, ƙafar ce ta sandare. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu, amma uwargida ba ta ƙara ce mini uffan ba a tafiyar. Har yau nakan ce rami ne. To, ramin kowa ya faɗa, tawa ce ta fashe.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari rututu, amma wa zai karanta? Ku da ba ku ɗaga kai daga waya.

Sayi sabuwa mai suna, ko da bibbiyu ne. Kai, sunan ma ai shi ya rufe mini ido. Sabuwa mai araha wadda aka yi don ɗaukar nauyi ta fi tsohuwa mai suna nesa ba kusa ba. Tsuguna ka nemi rubutun DOT a gefe. Lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗura shekara huɗu take lissafa wa taya daga wannan ranar, ko zanenta bai suɗe ba, domin motar da ke yini a fake roba ce ke bushewa a ƙarƙashinta. A bas kuma ka ga harafin C, irin 195R15C. Idan babu, mai yiwuwa ta ƙaramar mota ce aka cusa maka.

Iska kuwa da safe ake gwada ta, kafin taya ta ɗau zafi, da geji. Wannan harbin ƙafar da kuke yi kuna gyaɗa kai ba awo ba ne. Sifeyar ma a sauko da ita a duba.