Fiffike bai san jirgi yana ƙasa ba

A makarantar koyon tuƙin jirgi, hankalin ɗalibi yana kan tashi da sauka. Tafiyar da jirgi ke yi a kan tayoyinsa, daga ma'ajiya zuwa titin tashi, kallon tuƙin mota muke yi mata. Malaminmu kuwa a nan ya fi tsananta mana.

Ƙaramin jirgi irin Cessna 172, har da kayansa, bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, fiffikensa kuma a sama yake. In iska ta bi ta jikin fiffike, ɗagawa zai yi, ko jirgin yana sama ko yana ƙasa. Wutsiya ma tana tare iska, sai ta karkata hancin jirgi ya fuskanci inda take fitowa. Iskar gefe mafi ƙarfi da kamfanin ya gwada wannan jirgi da ita kusan kilomita 28 ce a awa, wadda ko hula ba lallai ta cire maka ba.

Ƙa'idar gajera ce. Iska ta gaba daga gefe, ka juya sitiyari, wanda a jirgi fiffike da wutsiya yake sarrafawa ba tayoyi ba, zuwa wajenta. Ta baya daga gefe, ka juya shi ɗaya ɓarin, ka tura shi gaba. Ta bayan nan ita ce muguwar: takan shiga ƙarƙashin wutsiya da fiffike ɗaya lokaci guda, jirgi ya dungura kan tayar gaba, farfela ta sari ƙasa, wani lokaci ma ya kife. Ana cikin haka in ka haɗa da sauri, ko ka danna birki a kan kwana, ka taya ta aiki. Farfela kuwa in ta daki ƙasa, sai an buɗe injin an duba.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne kowace kwana tana sauya ɓangaren da iska ke bugowa, dole hannu ya sauya tare da ita, ido yana kan jakar yadin da ke rataye a filin jirgi mai nuna inda iska ke fitowa.

Iskar hunturu da sauƙi, an san daga arewa maso gabas take zuwa. Hadarin farkon damina ne abin tsoro, don guguwarsa tana riga ruwa isowa. Da gabas ta yi ja, malam ba ya barin kowa ya motsa jirgi: a sa waigi a tayoyi, a kulle sitiyari, a ɗaure fiffike da wutsiya da igiya.