Ɗumama gida ɗaki-ɗaki: ga 'yan uwanmu da ke Ingila

Mu nan Gusau, sanyin hunturu bargo da kaskon gawayi sun ishe shi. Yaranmu da ke karatu a Ingila kuwa radiyeta, wato ƙarfen jikin bango da ruwan zafi ke bi ta cikinsa, suke tararwa a kowane ɗaki, kuma da yawansu sai kuɗin gas ya zo suke gane ba su iya ta ba.

Tukunya guda ce, boila, ke dafa ruwa, famfo ya tura shi cikin bututu zuwa ɗakuna. A gefen kowace radiyeta akwai bawul mai kai da lambobi. Lambar nan ba totur ba ce: in ka murɗa zuwa 5 ɗakin ba zai yi saurin ɗumi ba, sai dai ya zarce yadda kake so. Iyakar zafi ce kake sa masa. Galibi 2 na nufin wajen digiri 16, 3 wajen 20, alamar tauraro kuma ta hana ruwa daskarewa ce kawai. Falo 3, ɗakin kwana 2, ɗakin da ba kowa 1, a ja ƙofarsa. Kada a kashe shi ɗungum, danshi da fumfuna za su kama bango.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗakin da ma'aunin zafi na bango yake, wanda ke kunna boila. Bawul ɗin wannan ɗaki a bar shi a buɗe gaba ɗaya. In aka rage shi, ma'aunin ba zai kai inda aka sa shi ba, boila ta yi ta cin gas a banza. Labule ma in ya rufe kan bawul, zafi ya taru a wurin, sai bawul ɗin ya rufe da wuri alhali ɗakin na sanyi.

Radiyeta ta ƙi zafi bayan watanni a rufe? Kwance kan bawul ɗin, akwai ɗan tsinken ƙarfe a ƙasa. Danna shi har ya riƙa dawowa da kansa. In saman radiyetar ne kaɗai ya yi sanyi, iska ce: kashe boila, sassauta ƙaramin ƙusan sama da mabuɗinsa har ruwa ya ɓullo, sannan a duba agogon matsin ruwa na boila, ya tsaya tsakanin 1 da 1.5.

Akwai kawunan bawul masu batir biyu, irin na tado ko Drayton Wiser, da ake tsara wa kowane ɗaki lokacinsa ta waya. Ɗan haya ya tambayi mai gida tukuna, ya kuma adana tsofaffin kawunan don mayarwa ranar tashi.