Gawayi, ƙaro da hanjin ɓera

Ngaoundéré, daren Laraba.

Ruwa ya kwana yana zuba. Kafin in isa makaranta a Dang ƙafar wandona ta sha jar laka. Fararen ɓerayenmu tun jiya aka ɗauke musu abinci, ruwa kaɗai aka bar musu. Muka raba su gida biyu: wasu muka ɗura musu ruwa zalla, wasu loferamid, wato Imodium ɗin nan da ake saya in gudawa ta kama mutum. Bayan wani lokaci kowanne ya sha garin gawayi da aka dama da ƙaro, domin mu ga nisan da zai yi a cikin hanjinsu. Ni na dama shi, har yanzu baƙinsa na cikin farcena.

Minti 30 muka jira. Abin da ya biyo baya shi ne wanda zuciyata ba ta saba da shi ba har yau. Sai an sa musu maganin barci tukuna kafin a ciro hanjin, amma duk da haka ina yin bisimilla a kan kowanne, domin rai ne.

Ƙaramin hanjin ɓera ya kai kusan mita 1. Muka shimfiɗa su a kan tebur kusa da ma'auni. A na waɗanda suka sha ruwa, gawayin ya yi nisa, ya wuce rabi sosai. A na masu loferamid kuwa ya ɗan taɓa tafiya ya cije, kamar motar da ta kafe a rairayi.

Na ce, "Malam, maganin naman hanjin yake kashewa?"

Bai amsa ba. Ya yanko ɗan guntun hanji, bai fi gaɓar yatsa ba, ya rataye shi da zare a cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki, maki 37, iska na ɓulɓulowa ta ƙasa. Wallahi sai ga shi yana motsi shi kaɗai, ba ƙwaƙwalwa, ba laka. Ya ɗiga asetilkolin, wani sinadari da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, guntun ya tsuke nan take. Ya wanke, ya sa wani magani, atrofin, ya sake ɗiga asetilkolin, ko gezau.

Sannan ya yi bayani. A jikin bangon hanji, tsakanin shimfiɗa biyu na tsoka, akwai ragar jijiyoyi da wani Bajamushe, Auerbach, ya bayyana a 1862. A 1899 Bayliss da Starling a Landan suka yanke jijiyoyin da ke zuwa hanjin kare daga waje, hanjin ya ci gaba da tura abin da ke cikinsa gaba. Jijiyoyin nan su ne ke sakin asetilkolin, tsoka ta ji ta matse. Atrofin kunnen tsokar yake toshewa. Mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, da danginsa kuwa bakin jijiyar suke kamawa, saƙon ya ragu tun daga tushe. Wani masani, Paton, ne ya nuna haka a 1957 da hanjin ɓeran Masar. Loferamid ɗan gidansu ne, sai dai shi da ƙyar yake kaiwa ƙwaƙwalwa.

Da ya ce tiramol ma daga zuriyar yake, sai alƙalamina ya tsaya. Ɗan gwaggona da ke haya da babur a Garwa ya faɗo mini a rai. Watanni ke nan Gwaggo na kukan yaron sai ya yi kwana huɗu, biyar bai zaga ba, ga ciki kamar ganga. An jiƙa masa tsamiya, an ba shi filasko, ya ɗan sake, ya koma. Duk gidan mun san yana haɗiyar ƙwayar don ya jure aiki daga asuba har dare, amma ba wanda ya taɓa haɗa ta da cikinsa. Ni ma da nake karatun abin ban haɗa ba sai yau, da na ga gawayi a tsaye a kan tebur.

Bayan isha'i na kira ta. Muka gaisa, na ce, "Gwaggo, a daina ba shi filasko haka nan. Ciwon ba daga abinci yake ba. Kuma kada a ƙwace ƙwayar lokaci ɗaya, jikinsa ya saba, sai likita ya rage masa a hankali."

Ta yi shiru, har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, "To kai za ka faɗa masa, yana jin kunyarka."

Na ce mata ranar Juma'a bayan masallaci zan shiga motar Garwa, in Allah ya yarda.